Yadda ake neman diyya idan gurɓataccen abinci ya lalata ƙoda

Abin yakan fara kamar kowane ciwon ciki. Yaro ya ci abinci, bayan kwana uku ko huɗu ciki ya fara murɗa masa, gudawa ta biyo baya, can sai a ga jini a cikinta. Bayan kamar mako guda, daidai lokacin da gudawar ta lafa iyaye suna cewa an samu sauƙi, sai fitsari ya ragu ko ya ɗauke, fuska ta kumbura, ido da tafin hannu su yi fari, yaron ya kwanta lakwas. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da HUS. Wani nau'in ƙwayar E. coli ne ke jawo shi, wanda aka fi sani shi ne O157:H7. Ƙwayar tana fitar da dafin da ake kira Shiga, dafin ya shiga jini ya raunata ƙananan jijiyoyin ƙoda. Jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu, ƙoda ta kasa tacewa. Cikin mutum ɗari da O157 ta kama, kamar biyar zuwa goma ne ke kaiwa wannan matsayi, yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi kuma su abin ya fi kayarwa.

Ba wanda ke tunanin kotu yana tsaye a kan ɗansa ana yi masa wankin ƙoda. Na san da haka. Sai dai ƙarar irin wannan tana da lokaci biyu da ba sa jiran juna: hujjar da za ta tsayar da ita tana ɓacewa cikin kwanaki, ɓarnar da za a biya diyyarta kuma ba ta gama bayyana sai bayan shekaru. Don haka farkon aikin na gaggawa ne, ƙarshensa na haƙuri. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma matakan kusan ɗaya ne ko'ina.

Mataki na farko: a gwada bayan gida tun da wuri

Da zarar an ga jini a gudawa, asibiti za a nufa, kuma ku roƙi likita da bakinku ya aika da bayan gidan ɗakin gwaji a nemi E. coli mai dafin Shiga. Ku ambaci sunan, domin ba kowane gwajin bayan gida ne ke neman wannan ƙwaya ba. Dalilin gaggawar shi ne ƙwayar tana raguwa a hanji kullum. Sau da yawa kafin ƙoda ta nuna alama ƙwayar ta riga ta fice, gwaji ya dawo babu komai. Idan hakan ta faru ba a rasa duka ba: akwai gwajin da ke neman alamar halittar dafin a bayan gida, akwai kuma na jini da ke nuna jiki ya yi faɗa da O157 kwanan nan. Ku tambaya ko ana yin su, ko ana iya aikawa inda ake yi.

Idan an samu ƙwayar, ku nemi a adana ta a kuma tura ta babban ɗakin gwaji na hukumar lafiya. A can ake karanta tsarin halittarta gaba ɗaya, a gwama da na sauran marasa lafiya da na abincin da ake zargi. A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta kafa tsarin PulseNet a 1996 don wannan aiki. Ƙwayar da ta fito daga cikin ɗanku ta yi daidai da wadda aka samu a masana'anta, wannan ita ce hujjar da lauyan kamfani ya fi shakka.

Gwajin yana da wani amfani. Akwai nau'in HUS da ba ruwansa da abinci, wanda yakan zo daga gado ko daga wata cuta daban. Idan babu takardar da ta nuna E. coli, nan lauyoyin wanda ake ƙara za su fara laɓewa.

Abu guda na lafiya da ba zan tsallake ba: kada a ba mai gudawar jini maganin tsayar da gudawa ko na kashe ƙwayoyin cuta ba da umarnin likita ba. A wannan cuta suna iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda.

Mataki na biyu: a sanar da hukumar lafiya

A ƙasashe da yawa doka ta ɗora wa asibiti sanar da hukuma idan an samu wannan ƙwaya. Duk da haka ku kira da kanku, ku rubuta ranar da kuka kira da sunan ofishin. Iyali ɗaya ba su da ikon shiga masana'anta su ɗebi samfur, jami'an lafiya suna da shi. Su ne kuma ke haɗa labarin mutanen da ba su san juna ba har a gano abin da suka ci iri ɗaya. Idan suka zo da tambayoyi ku faɗi gaskiya duka, har abin da kuke ganin zai rage muku ƙarfi, domin takardar da suka cika za ta iya fitowa a kotu, kuma magana biyu ta fi kowace gaskiya mai ɗaci cutar da ƙara.

Mataki na uku: a rubuta abin da aka ci kwana goma baya

A nan mutane suka fi yin kuskure. Hankali yakan tafi kan abincin ƙarshe da aka ci kafin ciwo, alhali wannan ƙwaya takan ɗauki kwana uku zuwa huɗu kafin ta nuna kanta, wani lokaci har kwana goma. Abincin daren jiya da wuya ya zama shi ne.

Ku samu littafi, ku koma baya kwana goma daga ranar da ciwon ciki ya fara, rana bayan rana. Me aka ci, a ina, wa ya saya, wa da wa suka ci, wa ya yi ciwo wa bai yi ba. Ku sa har abin da ba abinci ba: ziyarar gona ko gidan dabbobi, wanka a tafki, ruwan rijiya, wani yaro mai gudawa a makaranta. Wani daga cikin dangi ya ɗauki wannan aiki tun iyaye suna asibiti, domin bayan mako biyu ba mai iya tuna abin da aka ci ranar Talata.

Hanjin shanu ne babban mazaunin ƙwayar, kuma ba ta sa su ciwo. Shi ya sa niƙaƙƙen naman da bai dahu ba ya yi ƙaurin suna, tare da madarar da ba a tafasa ba. Amma kada ku tsaya a nama. A 2006 alayyafo na leda ne ya kwantar da mutum kusan 200 a jihohi 26 na Amurka. A 1996 ruwan tuffa na kamfanin Odwalla ne. A Jamus a 2011 wani nau'in daban, O104:H4, ya kama mutum kusan 4,000, sama da 800 suka samu HUS, fiye da 50 suka rasu. Da farko kokwambar Sifaniya aka ɗora wa laifi, manoma suka yi asara mai yawa, daga baya aka gano tsiron hulba ne da aka shigo da irinsa daga Masar. Idan hukuma mai ɗakunan gwaji ta iya kuskuren farko, ku ma za ku iya. Saboda haka kada ku hau Facebook ku ambaci sunan gidan abinci ko kamfani kafin hujja ta tabbata. Za a iya juyowa a yi ƙararku kan ɓata suna, kuma duk abin da kuka rubuta lauyoyinsu za su karanta.

Sai kayan shaida. Rasit, bayanan katin banki, saƙon odar abinci a waya, hoton da aka ɗauka a wurin cin, duk a adana. Idan akwai ragowar abincin, a ƙulle shi a leda biyu, a rubuta kwanan wata da gargaɗin kada a ci, a sa a firiza. Sanyi ba ya kashe ƙwayar. Kwali ko ledar da abincin ya zo ciki ta fi ragowar daraja wani lokaci, don a jikinta lambar rukuni da ranar sarrafawa suke. Kada ku mayar wa shago, kada ku miƙa wa wakilin kamfani ko da ya ce gwaji za su yi. Jami'in lafiya kaɗai za a ba, shi ma a karɓi takardar shaidar ya karɓa.

Idan ɗanku bai ci abincin ba, daga wani ya ɗauka, ƙofa ba ta rufe ba. A annobar gidajen abincin Jack in the Box ta 1993 a Amurka, wadda ta kama mutum 732 ta kashe yara huɗu, akwai yaron da ya rasu bai taɓa cin naman ba, a gidan renon yara ya ɗauka daga wani yaro. Ƙwayar kaɗan ce ke isa ta kama mutum, yaɗuwa daga hannu zuwa hannu kuma abu ne da mai sayar da gurɓataccen abinci ya kamata ya san zai faru.

Mataki na huɗu: takardun asibiti da na kashe kuɗi

Ku nemi kwafin fayil ɗin asibiti cikakke, kada ku tsaya a takardar sallama. A ciki akwai abubuwan da ƙwararru za su duba daga baya: kwana nawa fitsari ya ɗauke, kwana nawa aka yi wankin ƙoda, inda sinadarin kiriyatinin, wanda ake auna aikin ƙoda da shi a jini, ya kai, leda nawa na jini aka ƙara, ko an samu farfaɗiya ko taɓuwar ƙwaƙwalwa, hanji ko gaɓar da ke sarrafa sukari (pankiriyas). Tsawon kwanakin ɗaukewar fitsari da na wankin ƙoda suna cikin manyan alamun da ake hasashen gaba da su. A gefe guda a tara rasit na magani, kuɗin mota, kwanan da uwa ko uba suka rasa a wurin aiki, makonnin da yaro ya rasa a makaranta. Ku riƙa rubuta halin da yake ciki kullum da kalmominku. Bayan shekara biyu wannan littafi zai faɗi abin da fayil ɗin likita bai faɗa ba.

Mataki na biyar: wa'adi da lauya

Kowace ƙasa tana da wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce kuma ko hujjarku ta kai tsauni an gama. A Amurka jiha ce ke yankewa: da yawa shekara biyu, wasu kamar Kentaki da Tenesi shekara ɗaya kacal. A Ingila shekara uku ce, ga yaro kuma lissafin ba ya farawa sai ya cika 18. Amma ko a can akwai tarko: ƙarar da aka kafa kan dokar kare masu saye ta 1987 tana mutuwa bayan shekara goma da fitar da kayan kasuwa, ko yaron ya girma ko bai girma ba. Haƙƙin iyaye na kuɗin da suka kashe shi ma a wasu wurare wa'adinsa daban yake da na yaron. Idan kuma makarantar gwamnati ko wata hukuma ce a ciki, akwai wuraren da ake buƙatar takardar sanarwa cikin 'yan watanni. Tambayar farko ga lauya ke nan: yaushe wa'adinmu zai cika? Ya rubuta muku ranar.

Ba kowane lauya ne na wannan aiki ba. Ku tambaye shi ko ya taɓa riƙe ƙarar gubar abinci, da wane likitan ƙodar yara da wane masanin annoba zai yi aiki, kuma wa zai biya su idan an faɗi. A Amurka yawanci ba a biyan lauya sai an ci, sai ya ɗauki kamar kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har 40 cikin ɗari. A Ingila ma akwai irin wannan yarjejeniya, da iyakar da doka ta sa. A wasu ƙasashen wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'ar abokin ƙararsa, ku san wannan tun kafin ku sa hannu. Daga ranar da kuka ɗauki lauya, duk kiran kamfani ko na masu inshorarsu ta wurinsa zai bi. Kada ku yarda a naɗi muryarku.

Mataki na shida: wa za a yi ƙara, kuma a kan me

Hanya biyu ce babba. Ta farko sakaci: a nuna wanda ake ƙara bai yi taka-tsantsan ɗin da ya wajaba ba. A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila tushenta shari'ar Donoghue da Stevenson ce ta 1932, kan matar da ta ce ta samu ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo a Sikotland. A batun Jack in the Box, jihar Washinton ta riga ta wajabta dafa naman ya kai digiri 68 a ma'aunin Salsiyas, kamfanin bai bi ba. Irin wannan shi ne sakaci ƙarara.

Ta biyu ta fi sauƙi ga mai ƙara: alhakin da ba ya buƙatar a nuna laifi. A yawancin jihohin Amurka, da ƙasashen Tarayyar Turai tun dokarsu ta 1985, ya isa a nuna abincin gurɓatacce ne lokacin da ya bar hannun mai sarrafa shi, kuma shi ne ya jawo ciwon. Ko ya rantse ya wanke masana'antarsa sau goma a rana, bai fita ba. Saboda haka ainihin faɗan yakan koma kan tambaya ɗaya: abincinsu ne ko na wani? Amsarta kuwa tana cikin matakai ukun farko.

Lauya zai bi sarƙar daga gona zuwa mahauta, masana'anta, dillali, shago ko gidan abinci, ya duba wa ke da alhaki kuma wa ke da inshorar da za ta iya biya. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin kamfani kan durƙushe bayan annoba, marasa lafiya da yawa su taru a kan inshora ɗaya.

Ku bambance ƙararku da shari'ar laifi da gwamnati ke yi. Odwalla ya amsa laifi a 1998 aka ci shi tarar dala miliyan 1.5. A kudancin Wales, bayan annobar 2005 da ta kama mutum 157, yawancinsu 'yan makaranta, ta kashe yaro ɗan shekara biyar, an ɗaure mahaucin da ya kai naman shekara guda. Hukuncin laifi yana ƙarfafa hujjarku, amma tara aljihun gwamnati take shiga. A Faransa, bayan fizar Buitoni ta 2022 da yara biyu suka rasu, kamfanin Nestlé, mai Buitoni, ya sasanta da iyalai da dama a 2023 kan kuɗin da ba a bayyana ba, binciken laifi kuma ya ci gaba a nasa layin.

Idan aka gayyace ku ƙarar haɗin gwiwa, ku yi tunani sosai. Tana da amfani ga waɗanda suka yi gudawar kwana biyar suka warke. Wanda ƙodarsa ta taɓu, a ganina, lissafinsa nasa ne shi kaɗai, bai kamata a zuba shi cikin kason jama'a ba.

Mataki na bakwai: lissafin ɓarna

A nan haƙuri yake shigowa. Yawancin yara suna tashi daga HUS, a sallame su, gwajin jini ya dawo daidai. Amma ƙananan matatan ƙoda da suka mutu ba sa dawowa. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar aikin duka, yaro yana girma nauyin yana ƙaruwa, bayan shekaru sai furotin ya fara fita a fitsari, hawan jini ya shigo, aikin ƙoda ya riƙa raguwa a hankali. Wani nazari da mujallar JAMA ta buga a 2003, wanda ya haɗa bayanan marasa lafiya sama da 3,400, ya samu kashi 12 cikin ɗari sun rasu ko ƙodarsu ta daina aiki gaba ɗaya, cikin waɗanda suka rayu kuma kashi 25 sun samu wata matsalar ƙoda mai ɗorewa.

Don haka diyya ba kuɗin asibitin da aka riga aka biya ba ce kawai. Likitan ƙoda zai rubuta rahoton hasashe: yiwuwar ƙodar ta gaza nawa ce, a wane shekaru. Idan dashe zai zo, a tuna ƙodar da aka dasa ba ta zama har abada, sau da yawa shekara goma zuwa ashirin take yi, yaro ɗan shekara huɗu kuwa zai iya buƙatar dashe fiye da ɗaya, da wankin ƙoda a tsakani, da maganin hana jiki ƙin dashen kullum har ƙarshen rai. Ga yarinya a sa haɗarin da ke tattare da goyon ciki nan gaba. Sai wani ƙwararre ya mayar da wannan duka kuɗi, masanin tattalin arziki ya ƙara abin da ciwon zai rage na samun aiki. A kan wannan ake ɗora diyyar wahala da raɗaɗi, idan an yi rashi kuma haƙƙin magada. Dala miliyan 15.6 da aka sasanta a kai a 1995 don wata yarinya 'yar shekara tara daga annobar Jack in the Box ta kai haka ne saboda ta yi makonni a sume, gaɓoɓinta da dama sun lalace, kuma za ta buƙaci kulawa muddin ranta. Kada a ɗauki wannan adadi ma'auni. Kowace ƙasa da yadda kotunanta ke kimantawa, a wurare da yawa kuma abin bai kusa haka ba.

Mataki na takwas: tayin sulhu

Mafi yawan waɗannan ƙararraki a teburin sulhu suke ƙarewa, kuma ba aibu ba ne. Haɗarin yana cikin tayin da ke zuwa da wuri, yaro bai daɗe da fitowa asibiti ba, bashi ya taru, wakilin inshora ya zo da murya mai taushi da takarda. Takardar nan yawanci tana cewa kun yafe duk wani haƙƙi, na yau da na gobe. Idan ƙodar ta gaza bayan shekara goma sha biyar, babu komawa. Kada a sa hannu sai rahoton likitan ƙoda yana hannu, kuma likitoci kan so su bi yaron na wani lokaci, sau da yawa shekara guda ko fiye, kafin su yi hasashen da za su iya karewa a gaban alƙali. Idan wa'adi ya matso, a shigar da ƙarar, a ci gaba da jira a cikinta.

Idan buƙata ta matsa, lauya ya nemi a biya wani kaso na wucin gadi ba tare da rufe ƙarar ba. A Ingila akwai tsarin da kotu ke ba da diyya yanzu ta kuma bar ƙofa a buɗe, a dawo idan wani ciwo da aka ambata da suna, kamar gazawar ƙoda, ya auku daga baya. Ku tambaya ko dokar ƙasarku tana da makamancinsa, ko tana yarda a riƙa biya shekara-shekara maimakon dunƙule ɗaya.

Sulhun da ya shafi yaro a ƙasashe da yawa ba ya tabbata sai alƙali ya duba ya amince, kuɗin kuma a ajiye su a asusun da ba a taɓawa sai da izinin kotu har ya balaga. Kafin ranar, lauya ya rubuta muku a takarda ɗaya: jimillar kuɗin, kasonsa, kuɗin ƙwararru, abin da inshorar lafiya ko gwamnati za ta karɓe na jinyar da ta biya, da abin da zai rage wa yaron. Ku karanta sharaɗin rufe baki idan akwai, ku tabbatar bai hana ku magana da likitoci ko hukumar lafiya ba. Ku kuma ajiye kwafin fayil ɗin asibitin a wuri mai kyau ko bayan an rufe shari'a, a ci gaba da auna hawan jini da gwada fitsari kowace shekara, domin likitan da zai ga yaron yana ɗan shekara ashirin da biyar zai buƙaci sanin kwana nawa fitsarinsa ya ɗauke yana ɗan shekara huɗu.